Kunnen Jita

Jitata ta kurumce a damina.
Tsirkiya ba ta tsinke ba, wuya bai karkace ba,
kunnenta ne ya mutu:
ɗan maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi shida
yana sauraren abin da yatsa ya faɗa.
Jinka ta yi yoyo, tsatsa ta ci shi.
In na taɓa ta, sai ta amsa kamar mai mura
yana gaisuwa daga cikin bargo.

Ranar kasuwa na goya ta a babur zuwa Gujungu,
na ratsa 'yan shinkafa, na ratsa masu tattasai,
har rumfar Tasi'u mai gyaran rediyo
inda warin dalma ke kokawa da hayaƙin tsire.
Ya buɗe gwangwanin alewa. Kunnuwa biyu a ciki,
gadon wasu makaɗan otel, in ji shi, da suka watse a Kano.

"Siririn nan tilo ne.
Muryarsa tas, tsakuwa a sabon kwano.
Sai dai ɗan tsegumi ne:
janareta ya yi tari a rumfar masu caji,
zai kwaso ya kai wa lasifika.
Mai kaurin kuwa tagwaye ne a zani ɗaya,
ɗaya ya jiyo ƙugi, ɗayan ya toshe masa baki.
Murya mai maiƙo, miyar taushe da ta kwana."

Muka ɗaura tilo. Na kaɗa.
Wani ɗan akuya ya zabura, yara suka taru,
sautin ya tsaga rumfa kamar sabuwar aska.
Muka ɗaura tagwaye. Na kaɗa.
Mai fura ta sauke ƙwarya, ta gyara zama,
ni kuwa na ji kamar ina magana da tuwo a baki.

Na yi shiru. Tasi'u ya hura gorar dalmarsa.
"To, wane kake so?"

Yaya zan gaya masa
ina neman gurmin babana Sallau,
daren sussuka, bayan an kashe fitila,
sautin nan mai ɗan yashi a maƙogwaro
da bai taɓa sanin lantarki ba?
Na gaya masa dai, a karkace.
Ya rufe gwangwani.
"Abin da kake nema ba ya nan ciki.
Miƙo mini mataccen."

Ya kankare tsatsa, ya warware tsohuwar waya,
ya zaro wata daga cikin rediyon da ta ƙone,
jan ƙarfe, siririya, ba ta kai gashin jariri ba.
Muka roƙi Lantana tela aron kekenta,
muka ɗaure kunnen a inda ake naɗin zare.
Tana takawa, yana riƙe da waya, ina ƙirga.
Sau biyu ta tsinke.
Na kai dubu biyar da wani abu aka kira la'asar,
lissafi ya zube mini.
Tasi'u ya ce, "Bar shi. Inda ka ɓata, nan ne naka."
Ya tsoma shi a narkakken kakin zuma,
ya karɓi kuɗin waya da na goro.

Da dare na jona batir a ƙofar gida.
Kwaɗin fadama ba su saurara mini ba.
Ƙugin yana nan, kaɗan,
kamar amya a can nesa kan tsamiya,
amma a ƙarƙashinsa akwai yashi.

Inna daga bayan zana ta ce, "Rage ƙara."
Na kai hannu.
"A'a, tsaya."
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Ba Sallau ba ne," in ji ta.
"Amma dai ɗan gidan ne. Ƙara kaɗawa."