Kwana Goma Sha Ɗaya a Kan Sirdi

Mun bar Beja tun zakara bai yi cara ba,
kekuna uku, mutum huɗu.
Amílcar a gaba da taswirarsa ta takarda
wadda ta yage daidai inda muka nufa.
Benedita a tsakiya, shekara sha ɗaya, ƙafafu kamar sillen kara.
Ni a baya ina jan ɗan amalanke,
Tomé a ciki, shi da tukunya da tanti
da wata motar roba mai ƙafa uku
da ya rantse ba ya barci sai da ita.

Ƙasar Alentejo ba ta san gaggawa ba.
Alkama ta nuna, tana rusuna wa iska.
Shamuwa ta yi sheƙa a kan kowace falwaya,
ba haya, ba neman izini.
Itatuwan da ake feɗe wa ɓawo don toshe bakin kwalba
suna tsaye jajaye, tsirara daga gindi zuwa ƙugu,
kowanne da lamba a jiki da farin fenti.
Tomé ya ce shekarunsu ne.
"Wancan biyar, sa'ana ne,"
ya ɗaga masa hannu.
Ban gyara masa ba.

Rana ta huɗu taya ta yi faci sau uku.
Na ukun ne ya ɓalle mini baki.
Na ce, da motar haya muka shiga,
da yanzu muna miƙe ƙafa a gidan uwarka.
Bai ce kanzil ba.
Ya tsoma tif a kwanon da muke cin abinci,
yana bin kumfa da ido kamar mai duba,
gumin hancinsa na ɗiga a ruwan.
Shirun nan ya bi mu kilomita ashirin.
Ya fi tanti nauyi, ni na ja shi, na sani.

Da yamma wata tsohuwa, Dona Perpétua,
ta ba mu gefen gonar zaitun.
Ta kawo burodi mai taurin dutsen niƙa,
cukun tumaki, romon tafarnuwa da ƙwai a sama.
Ta dubi kekunan, ta dubi yaran, ta dube ni,
ta ce, "Wa ya kore ku?"
Amílcar ya ƙware da romo.
Dariyar ce ta raba mu faɗa.

Tsakar dare ƙararrawa ta tashe ni.
Na leƙa: tumaki sun yi mana zobe,
numfashinsu na ɗumama zanen tanti,
ɗaya na taunar safar Amílcar a kan igiya
cikin natsuwar wanda ya biya kuɗinsa.
Sama kuwa kamar an kifar da kwaryar gero.
Ban tashi kowa ba.
Na yi rowar wannan, na cinye ni kaɗai.

Sai hawan Marvão, rana ta ƙarshe.
Gari ne a ƙoƙon dutse, hanya na naɗe shi kamar gammo.
Cinyoyina sun zama garwashi,
Tomé na waƙa a baya, kowane baiti da nauyinsa.
Na ji ƙarar sarƙa a hagu.
Benedita ce.
Yarinyar da na riƙe wa sirdi a bayan gida,
ina gudu a sunkuye, tana ihu kar in saki,
ita ce ta miƙe tsaye a kan feda,
ta wuce ni,
ta wuce ubanta,
ba ta ko waiwaya ba.

Na so in kira ta, numfashi bai kai ba.
Kwana ta haɗiye jar rigarta.

Da muka isa, tana zaune a bakin ganuwa
tana ɓare lemo, gwiwa duk baƙin mai.
Ta miƙo mini rabi,
ta ce, "Mama, kin daɗe."