Mai Raɗa

Aikina raɗa.
Ina zama bayan wani dutse, gefen dandali,
a tsohon gidan wasan da ke bayan Kavala,
littafi a cinya, 'yar tocila a hannu.
Wanda magana ta kuɓuce wa, ni ke tsinto masa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk lokacin zafi,
Lefteris ke hawa ya zama mai gadin fitilar bakin teku.
Da rana tayoyi yake sayarwa.
Da dare sarki ya aiko masa manzo:
abokan gaba na tafe ta ruwa, a kashe fitila.
Ɗansa kuwa na cikin kwalekwale, bai dawo ba.
Ya sani. Matarsa ta faɗa masa a shafi na tara.
Tun yaron na cikin zanen goyo wata tsohuwa ta ce
duhun gidan ubansa ne zai ci shi.

Sai ya ɗaga tulu,
ya ce, "Ba ni na zaɓa ba,"
ya zuba wa wutar ruwa.
Mutum dubu su ja numfashi ɗaya.

In an tashi, musu ya biyo mu har teburin kifi.
Fotini mai ɗinkin kayan wasa ta ce hannu nasa ne, tulu nasa ne.
Stamatis mai haska dandali ya ce ƙaddara ta riga fata,
in ya bar fitilar, gari ne zai ƙone,
wane uba ne zai auna ɗa ɗaya da gari?
Lefteris ya yi dariya, ya tsame ƙaya daga bakinsa:
"Ni dai a biya ni."

Ni ban cika sa baki ba.
Amma daga inda nake ina ganin 'yan kallo,
hawa bisa hawa, har can inda tsuntsaye ke kwana.
Laifi tudu ne, aka ce.
Nan ma sai da aka sassaƙa wa tudun wurin zama
don kowa ya take nasa cikin jin daɗi,
ya hango na mai gadi.

Bana, kafin itacen zaitun ya yi fure,
ɗansa Manolis ya kawo masa babur shago.
Ya shafa tayar baya da babban yatsa,
ya ce, "Za ta kai wata guda."
Kwana shida ta kai.
Likita ya ce ruwan sama ne. Limamin coci ya ce wa'adi.
'Yan sanda suka rubuta gudu.
Kowa ya miƙo masa mayafi, bai karɓi ko ɗaya ba.

Jiya ya ɗaga tulun, ya tsaya.

Na san shirun mantuwa, idonsa rawa yake yi, yana lalube.
Wannan ba shi ba ne.
Wutar na ci.
Can bayan labule yaron da ke fitowa a ɗan
yana jira a nutsar da shi.
Da na kama bakina, da fitila ta kwana,
da kwalekwale ya ga gaɓa ko da sau ɗaya.
Wanda ya rubuta wasan ya daɗe da zama ƙasa,
ba zai taso ya tuhume ni ba.

Na ƙirga ashirin.
Wata mata a layi na uku ta yi tari.
Sai na ji bakina ya raɗa,
kamar yadda ya saba:
"Ba ni na zaɓa ba."

Ya waigo. Bai taɓa waigowa ba.
Ya dube ni, ya dubi tulun,
ya ce, "Ni ne."
Ya zuba.

Na duba shafin. Babu wannan a ciki.

Suka yi ta tafi har tafukansu suka yi ja.
Stamatis ya ce ya ɓata wasa. Fotini tana kuka, allura a baki.
Ni na zauna har kujerun dutsen suka huce,
ina tambayar littafin nan da ba ya amsawa:
shi an rubuta masa ya zuba,
ni wa ya rubuta mini in raɗa?

Sannan na kashe tocilata.
Da yatsana na kashe ta.