Keji Na Bakwai

Ƙarfe biyar na asuba a Kunming,
ruwan sama na dukan tagar hawa na huɗu.
Na kunna fitila, ɓeraye arba'in suka ɗago kai,
farare fat, idanu jajur kamar 'ya'yan rumman.
Tun daren jiya na hana su abinci.
Ni ma ban ci ba, sai dai nawa ba a rubutawa.

Naman kazan nan daga dutsen garinmu ya fito.
Gwaggo Jinfeng ta ɓamɓaro shi a jikin mataccen itace,
ja mai sheƙi, da tauri kamar ƙaho,
ta naɗe a tsohuwar jarida, ta ba direban motar Dali
da saƙo: kakanmu shi ya sha,
kuma da ƙafarsa ya je ko'ina har ya mutu.

Mun shanya, mun niƙa, mun tafasa awa shida,
mun tace har sau uku.
Abin da ya rage bai cika cokali ba,
baƙi, ɗaci kamar maɗaci.
Kwana ashirin da takwas ina ɗura musu.

Yau ake awo.
In kama wutsiya, in soki bakinta,
ɗigon jini ɗaya, na'ura ta ƙifta ido.
Kejin farko, masu shan ruwa zalla: ashirin da uku.
Na biyu, na uku, har na shida, jiya i yau.
Keji na bakwai: sha tara.
Sha takwas. Ashirin. Sha tara kuma.
Sai da na dafe biro da hannu biyu.

Farfesa Nong ya shigo da kwalbar shayinsa,
ya ɗaga tabarau, ya daɗe a kan takardar.
"Ɓera biyar ba su isa shaida ba.
A sake."

Da hantsi Baba ya kira.
Bara aka yanke masa yatsun ƙafa biyu,
har yanzu yana ce musu "waɗanda suka riga ni".
"Yanmei, me ɓerayenki suka ce?
In ajiye allurar nan?"

Sha tara na zaune a kan harshena,
da zaƙi, zaƙin da likita ya hana shi.
Na haɗiye.
"Baba, ka yi allurarka. Da saura."

Shiru, sai ƙarar cokali a kofi.
"To. Gwaggonki ma ta sake hawa dutsen."

Na zuba musu abinci.
Na keji na bakwai, mai tsagaggen kunnen nan,
ya riƙe ƙwaya da hannu biyu yana gurgura,
bai san an tambaye shi komai ba.
Na ɗauko fom, na nemi wasu arba'in.