Gurbi

A tsibirinmu, arewa da Tromsø,
rana kan tafi a ƙarshen Nuwamba,
ba ta waiwayo sai Janairu ya tsufa.
Wata biyu muna cin abincin rana da fitila.

Ni mai yankan tikiti ne a jirgin fito.
Waƙa kuwa da dare nake rubuta ta
a bayan takardar ƙidayar fasinja,
kuma shekara talatin, a baiti na uku,
sunan Ubangiji kan zo ya zauna
kamar gishiri a romon kifi:
ban taɓa aunawa ba, hannu ne ya saba.

Sai sanyin shekarar da Eilif ya fita su.
Ɗan fari, shekara sha tara,
da jar hular ulu da uwarsa ta saƙa.
Teku ta dawo mana da hular.

Ban yi saɓo ba. Ban fasa zuwa coci ba.
Ina nan a benci na huɗu, kusa da taga,
bakina na motsi tare da na jama'a.
Amma in na ɗauki alƙalami
na iso inda sunan ya saba zama,
sai hannu ya ɗaga ya tsallake,
kamar ƙafar da ba ta yarda da ƙanƙara ba.
Na bar gurbi, faɗin yatsa biyu.

Mai ɗab'i ya bugo waya daga birni:
"Rami arba'in da ɗaya na ƙirga a littafin nan.
Kuskuren na'ura ne? In toshe?"
Na ce a bar su.
Ya ce takarda kuɗi ce.
Na ce a cire a nawa.

Fasto Gunvor ta zo da burodi mai ɗumi,
ta karanta a tsaye, ko rigar sanyi ba ta tuɓe ba.
Na gyara kunne ina jiran wa'azi.
Sai ta ɗora yatsa a kan gurbi ɗaya,
ta ce, "Ka auna shi daidai wa daida.
Wanda ya kori baƙo ba ya share masa ɗaki."
Kwana uku ina jin haushinta.

Torunn, matata, ba ruwanta da waƙa.
Amma har yau faranti uku take jerawa,
ta wanke na ukun, ko ƙwayar shinkafa bai gani ba.
Ban taɓa tambayar farantinta ba,
ita ma ba ta taɓa tambayar ramukana ba.

Jiya, muna tsakiyar mashigi da fasinja tara,
rana ta leƙo tsakanin duwatsu biyu.
Minti huɗu. Matuƙi ya sassauta injin.
Wata tsohuwa ta zare safar hannu
ta shimfiɗa tafinta kamar mai karɓar canji.
Ba wanda ya ce wa ranar ta makara.
Ni ma ban ce ba, ko da yake maganar ta zo har maƙogwaro.

Da dare na zauna. Baiti na uku ya iso.
Alƙalami ya tsaya a bakin gurbin,
bai tsallake ba, bai shiga ba,
har tawada ta taru ta ɗiga.
Ɗigo ɗaya, bai kai harafi ba.
Na kai hannu zan goge, sai na fasa.

Torunn ta leƙo ta ce in kashe fitila,
jirgin farko ƙarfe shida da rabi ne.