Baƙin Mariƙi

Shekara ashirin da shida ina haya a Gwammaja,
ina tura ƙofar da ba tawa ba.
Mariƙinta ruwan gwal ne ranar da muka tare.
Kafin damina biyu ya fara saɓa kamar maciji,
yana bar min kore a tafin hannu
da ƙarni irin na tsohon kwabo.

Da kuɗin sallama suka fito
na ɗora rufi a Rijiyar Zaki.
Ɗaki uku, falo, kicin mai taga a gabas.
Ɗan'asabe kafinta ya jingina ƙofofi da bango,
tsirara, ba hinji ba sakata,
ya ce, Hajiya, saura kayan ƙarfe.
Je ki da ƙafarki,
kar in zaɓo ki yi shekara kina hararata.

Ranar Talata na shiga Ƙofar Ruwa,
ana sauke rodi daga tirela,
ƙarar na bin haƙoran mutum.
Shagon Tasi'u bai fi taku biyar ba
amma sai ka runtse ido, komai walƙiya yake.
Ya zube min a kan kanta:
wannan ɗan Dubai, wannan ɗan Turkiyya,
wannan shi manya ke yayi bana.
Na ga fuskata a jikin kan famfo,
hanci ya kumbura, goshi ya tsuke.
Na ce masa ba madubi na zo saya ba.

Can ƙasa, bayan kwalin ƙusa,
wani na kwance, ba ya kiran kowa.
Ba baƙi wuluk ba.
Launin gindin tukunyar da ta daɗe a murhu.
In ka karkata shi wajen haske
wani ja-ja na leƙowa daga ciki,
garwashin da bai gama mutuwa ba.
Na ɗaga. Da nauyi.
Sanyinsa ya zauna a hannuna kamar ya san ni.

Kubar ɗakin Baba haka take.
Ita ba fenti ba ne, hannu ne:
shekara arba'in na gumi, man gyaɗa, ruwan alwala,
da mu, da muke lilo a jikinta in ya fita.

Tasi'u ya ce ya ɗara sauran da dubu huɗu,
kuma mutane za su ɗauka kuɗinki ne suka ƙare.
Na ce su ɗauka.
Takwas na ƙirga,
hinji ashirin da huɗu, sakata,
sandar labule, kan famfo uku.
Muna ciniki aka kira azahar,
ya ce albarka, na miƙe, ya ce dawo.

Shafa'atu ta zo ganin gida, ta taɓe baki.
Umma, ƙofa fara, mariƙi baƙi,
sai ka ce ofishin 'yan sanda.
Na ce kwallin da ke idonki fa?
Wa ya fito miki da farin?

Ga abin da ba wanda ya faɗa min:
ruwan burtsatsenmu yana da kanwa-kanwa.
Duk ɗigon da ya bushe
sai ya bar farin zobe a wuyan famfon.
Ashe baƙi ba ya rufa asiri.
Kumfar sabulu, garin tuwo, hoda,
duk wanda ya taɓa sai ya sa hannu a takarda.
Kullum da safe ni ce da tsumma da ruwan ɗumi,
ina goga, ina jin dariyar Tasi'u
tun daga Ƙofar Ruwa.
Amma ko ƙwarzane bai yi ba.
Wata goma sha ɗaya ke nan.

Jiya Huzaifa ya sha kunun gyaɗa,
ya yi ɗage, ya buɗe ɗakina.
Yatsu huɗu farare
a can ƙarshen mariƙin, iya inda tsawonsa ya kai.
Na ɗauko tsumma.
Na tsaya.

Aka kira magariba ina tsaye.
Na rataye tsumman a kafaɗa,
na tura ƙofar da gwiwar hannu.