Takalmin Wani

Barira ta tare ran Alhamis, ranar Kasuwar Dole,
da katifa guda, akwatin ƙarfe,
da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya.
Mutari. Ya tsaya bakin zaure
yana duban gidana kamar tasha,
inda ake jiran mota, ba inda ake kwana ba.

Shekara biyu ke nan bai ce mini Baba ba.
Malam yake cewa, kamar mai tambayar hanya.
Ɗiyata Haule kuwa ta kulle kwanukan uwarta,
mabuɗin na wuyanta ko wanka za ta.

Tukunya ɗaya muke ci,
amma in Barira na rabon nama
ido shida ke bin hannunta.
In na tsawata wa nata sai ta yi shiru,
irin shirun famfon Birni da bazara:
ka murɗa, ka kasa kunne, iska kawai.
In ta tsawata wa tawa, ni ma haka.
Da dare mu kwanta, mamata biyu tsakaninmu,
kowa ya ja mayafinsa.

Rannan ya kifar da jarkar ruwa
da na saya dala ashirin hannun mai garuwa.
Bakina ya riga hankalina,
na ce agola bai san tsadar ruwan gida ba.
Ya haye dutsen bayan unguwa,
bai sauko ba sai da aka sallame isha'i.
Barira ta ninke zannuwanta uku cikin akwati.
Ba ta tafi ba,
ba ta kuma fiddo su ba.

Ni baduku ne. Na san fata,
na san inda za ta karɓi allura
da inda za ta yage.
Yaron nan ban san ta ina ake kama shi ba.

Jiya da hantsi ya zo rumfata
ya ajiye leda bisa gwiwata, bai ce uffan ba.
Takalmi ne na babban mutum, maɗauri ya tsinke,
dunduniyar hagu ta fi cinyewa,
har yanzu da zanen yatsun mai shi.
Na gane. Na mutumin da ya mutu a hanyar Tanut ne,
wanda nake kwana da sunansa ban taɓa ganinsa ba.

Na zaɓi jar fatar da nake ɓoyo.
Na ɗinka a hankali, ban taɓa wurin yatsun ba.
Ya zura ƙafa, takalmin ya yi masa yawa.
Ya miƙo dala goma.
Na ce bar shi. Ya ce a'a, Malam.
Na karɓa.

Da yamma na ji su daga zaure,
takalmin na jan ƙasa a tsakar gida,
Haule na cewa ya fi ƙarfinka,
shi yana cewa zan kai.
Akwatin Barira na nan a rufe.
Dala goman na aljihuna, ban kashe ba.