Ɗan Aiken Wuta

Ƙarfe biyu na rana a Buzaye,
duk ƙarfen da ka taɓa sai ya rama.
Sifana na ƙuna, inuwar dogonyaro ta janye ƙafa,
sai ga su huɗu sun turo jar Golf,
Malama Luba na biye, rajistar 'yan aji shida a hammata.

"Tun Mabera ta mutu.
An ce famfon mai ne,
an ce in nemo dubu arba'in da biyar,
ni da albashin bai shigo ba."

Arzika bai tashi daga kan tayarsa ba.
Shekara uku ke nan da yana ta rufe masa ido,
amma kunnen na nan, ya fi mita.
"Jaɓɓi, ɗaga bonet.
Hajiya, murɗa makulli, kar ki tada."
Ya karkata kai wajen tanki
kamar mai jiran kiran salla daga wata unguwa.
Shiru.
"Famfon bai yi kuka ba. To, wa yah hana mai abinci?"

Na buɗe baƙin akwati.
Fis-fis a jere, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa,
na bi su da tasta, kowanne ya haska.
Saura rile, su shida,
baƙaƙe, kowa da ƙafa huɗu, kamar ƙwaron da ya ƙoshi.

"Aza yatsa bisa na ukku. Mi kaj ji?"
Na ji ƙyas.
"Awo. Kar ƙyas ta ruɗe ka. Ciro shi."

Na girgiza shi a hankali har ya saki.
Tamanin da biyar, tamanin da shida,
na ba su wuta daga batir: ƙyas.
Talatin da tamanin da bakwai,
na ɗora ƙwan gwaji,
ko ƙyalli.
Arzika ya yi dariya, goro ya nuna:
"Irin mutanen nan ne.
Yana amsa sallama, ba ya buɗe ƙofa."

Na zare na hon, lambarsu ɗaya,
na dasa shi a gurbin mamacin.
Makulli.
Can ƙarƙashin kujerar baya wani abu ya yi zuuu,
injin ya yi tari biyu, ya kama.
Masu turi suka yi kabbara, ɗayansu ya nemi na ruwan sanyi.

"Amma hwa ba ki da hon," in ji Arzika.
"A garin ga? Da 'yan kabu-kabu?
Gara in tafi ba taya."
Sai na hau keke zuwa Sahara,
na dawo da sabo a aljihu, dubu ɗaya da ɗari biyar,
rigata ta manne da baya.
Ta danna sau uku a bakin gareji,
akuyar mai shayi ta tsinke igiya.

Da la'asar na ɓare tsohon da wuƙa.
Zaren jan ƙarfe a naɗe, siriri kamar gashi, lafiya lau.
Bakin haɗuwar ne ya ƙone,
baƙi, ya zaizaye, kamar haƙorin da ya gaji da tauna.
Shekara nawa yana karɓar 'yar ƙaramar wuta daga makulli
yana buɗe wa babba hanya,
ba wanda ya san sunansa
sai ranar da ya kasa.

Na jefa shi gwangwanin madara, cikin 'yan'uwansa.
Arzika na laluben butarsa, hannun na rawa,
hannun da ya ɗaure wayar rabin motocin Sakkwato.
Na tura masa ita da ƙafa, kamar ban gani ba.

Wata motar ta shigo, fitila ɗaya a mace.
Ya ce, "Jaɓɓi."
Ƙasa-ƙasa ya faɗa, da ƙyar na ji.
Na miƙe.